Ɗan kwangilar Japan ba inda ake buƙatar gada yake zuwa ba

Duk sanda aka saka hoton sabuwar hanyar da ta farfashe ko gadar da ta tsage, masu sharhi ba sa rasa cewa ai da Japanawa aka ba aikin da ba a ga haka ba. Ban musa ingancin aikinsu ba. Matatar mai ta Kaduna ma kamfanin Chiyoda na Japan ne ya gina ta, aka buɗe a 1980, abin da ya same ta daga baya kuma zance ne na wata rana. Abin da nake musu a kai shi ne zaton da ake yi cewa kamfanonin nan suna tsaye a bakin ƙofa suna jiran a kira su, shugabanninmu ne kawai suka ƙi. Wanda ya bi lissafin kwangilolin da suke samu a waje shekara bayan shekara zai ga ba haka abin yake ba.

Manyan kamfanonin gine-gine na Japan suna da ƙungiya mai suna OCAJI, mambobinta kusan 50, wadda take tattara jimillar kwangilar da suka samu a ƙasashen waje a kowace shekarar kuɗi, wato daga Afrilu zuwa Maris. A 2019 jimillar ta haura tiriliyan 2 na yen, kuɗin Japan, a karon farko. A 2020, shekarar korona, ta faɗo zuwa wajen tiriliyan 1.1. A 2022 ta koma sama da tiriliyan 2, a 2023 kuma ta kai kusan tiriliyan 2.3, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Idan a nan ka tsaya, sai ka ce Japan ta fito cin kasuwar duniya. Amma sai an koma baya kaɗan kafin a gane abin da lambobin suke faɗa.

Fitarsu ta farko ma ba ta kasuwa ba ce. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Japan ta biya diyya ga wasu daga cikin ƙasashen da ta mamaye, kuma wani kaso na diyyar da aiki aka biya shi: tashar lantarki ta Baluchaung a Burma, wadda kamfanin Kajima ya yi aikinta, da otal ɗin Hotel Indonesia a Jakarta da aka buɗe a 1962. Gwamnatin gida ce take biya, kamfanin gida yake gini. A riƙe wannan, don za mu sake cin karo da shi. Da farashin mai ya yi tsalle a 1973, sai suka kwarara Gabas ta Tsakiya, Iraƙi da Iran da Saudiyya da Kuwait, har jimillar ta wuce yen tiriliyan 1 a 1983. Yaƙin Iran da Iraƙi da faɗuwar farashin mai suka rufe wannan ƙofa. Bayan 1985 yen ya yi tsada ƙwarai, masu ƙera motoci da kayan lantarki na Japan suka fara kwashe masana'antunsu zuwa Amurka da kudu maso gabashin Asiya, maginansu kuma suka bi su a baya, domin wanda ya gina maka masana'anta a Nagoya shi za ka kira ya gina maka a Thailand. A 1996 jimillar ta kai wajen tiriliyan 1.6, lokacin da Hazama yake gina ɗaya daga cikin tagwayen benayen Petronas a Kuala Lumpur. Shekara guda bayan haka kuɗaɗen ƙasashen Asiya suka karye, lissafin ya gangaro ƙasa da tiriliyan 1.

Inda ya kamata a daɗe ana kallo shi ne abin da ya faru daga 2005 zuwa 2010, domin shi ya sauya halinsu har yau. A lokacin aiki ya yi ƙaranci a gida. Kuɗin da ake zubawa a gine-gine a cikin Japan, wanda ya kai yen tiriliyan 84 a 1992, yana ta raguwa har ya dawo kusan rabin haka a 2010. Yunwa ta kore su waje, suka karɓi manyan ayyuka guda biyu da har yau ake ba da labarinsu. Na farko jirgin ƙasa na cikin birnin Dubai, inda Obayashi da Kajima suke cikin gamayyar da ta ci kwangilar a 2005. Ana cikin aiki mai aikin ya yi ta sauya zane, tashoshi suka ƙaru, kuɗi ya ninka abin da aka yi tsammani, sannan tattalin arzikin duniya ya girgiza a 2008, Dubai kanta ta shiga matsin bashi. An buɗe layin farko ranar 9 ga Satumba 2009, an yi biki, amma rigimar wa zai biya ƙarin kuɗin tana nan, har Obayashi ya rufe shekarar da asara.

Na biyu a nan Afirka ne. A 2006 gamayyar COJAAL, da ta haɗa Kajima da Taisei da Nishimatsu da Hazama da Itochu, ta karɓi kusan kilomita 400 na gabashin babbar hanyar da ta ratsa Aljeriya daga gabas zuwa yamma, kamfanonin Sin kuma suka karɓi tsakiya da yamma. Ƙasar wurin ta zo da gardama, ramukan da ake haƙawa a cikin duwatsu suka ba da wahala, aiki ya yi jinkiri, gwamnatin Aljeriya da 'yan kwangilar suka shiga jayayya kan kuɗin da ba a biya ba, magana ta kai gaban masu sasanci na ƙasa da ƙasa, sai a 2016 aka yi sulhu. Shekara goma ke nan kan aikin da aka tsara gamawa cikin 'yan shekaru.

Ba na cewa laifin duka na masu ba da aikin ne. A gida, ɗan kwangilar Japan ya saba da mu'amalar amana: idan aka sauya zane, sai ya ci gaba da aiki, daga baya a zauna a daidaita, don kowa ya san gobe ma za a sake haɗuwa. A waje kuwa takarda ce take magana. Duk ƙarin aikin da ba ka rubuta ka nemi kuɗinsa a kan lokaci ba, sadaka ka yi. Sun je da ƙwararrun injiniyoyi, ba su je da isassun masana kwangila ba. A 2009 jimillar ta zube zuwa wajen yen biliyan 700, ƙasa da rabin abin da aka samu a 2007.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Hawan da lissafin ya yi daga nan zuwa yau bai zo ta hanyar komawa irin waɗancan wurare ba. Saye suka shiga yi. Obayashi ya sayi Webcor na California tun 2007, ya ƙara da wasu daga baya. Kajima ya mallaki Austin da Batson-Cook a Amurka, ya shiga Ostireliya ta hanyar sayen Icon a 2015. To, duk kwangilar da waɗannan kamfanoni suka ci, a cikin lissafin Japan take shiga. Asibitin da injiniyoyi Amurkawa da leburori Amurkawa suka gina wa wani Ba'amurke a Jojiya, a kan takarda kwangilar Japan ce a ƙasar waje. Yau mafi yawan jimillar ta hannun rassa da kamfanonin da suke da rajista a can take zuwa, kuma Asiya da Arewacin Amurka su ne suka cinye kaso mafi girma. A Asiyar ma Singapore ce abar so, ƙasar da gwamnatinta take biya a kan lokaci, kotunanta kuma ba sa wasa da yarjejeniya. Takenaka ne ya gina ɓangaren farko na filin jirgin saman Changi da aka buɗe a 1981, kuma har yau kamfanonin Japan ba su bar garin ba.

Akwai kuma wani abu da masu murnar kafa tarihi ba sa son ambata. Da yen ake lissafin. A 2019 dala ɗaya tana wajen yen 109, a 2023 ta kai wajen 145. Yi rabon da kanka: tiriliyan 2 da ɗoriya na 2019 ya kusa dala biliyan 19, tiriliyan 2.3 na 2023 kuwa wajen dala biliyan 16 ne. Mu da muka ga yadda kasafin kuɗi yake kumbura a naira alhali buhunan simintin da zai saya suna raguwa, ba mu buƙatar a yi mana dogon bayani. Ga shi kuma rodi da siminti da ladan ma'aikata duk sun yi tsada a duniya, wato kwangila ɗaya tana ɗaukar lamba mafi girma ba tare da an ƙara tubali ko ɗaya ba.

Kuma ko da an bar lambar yadda take, ba ta kai kashi 4 cikin 100 na abin da ake kashewa a gine-gine a cikin Japan ba, wanda ya farfaɗo zuwa wajen yen tiriliyan 70 a 2023. Sake gina yankin Tohoku bayan girgizar ƙasa ta 2011, wasannin Olympics na Tokyo, rushe tsofaffin benaye ana sabuntawa, masana'antar TSMC, kamfanin Taiwan mai ƙera ƙwaƙwalwar na'urorin lantarki, a Kumamoto, duk aiki ne a ƙofar gida. Hannu ne ma ya yi musu kaɗan. Ma'aikatan gini sun kai miliyan 6.85 a 1997, yanzu ba su kai miliyan 5 ba, da yawansu kuma sun manyanta, sannan daga Afrilun 2024 doka ta ƙayyade awannin ƙarin aiki a wannan fanni. Kamfanin da yake ƙin karɓar aiki a Osaka saboda rashin mutane, me zai sa ya tura gwanayensa inda 'yan kwangilar gida ma suke zaman dirshan a ƙofar ma'aikata suna neman kuɗin aikin da suka gama tun bara?

Shi ya sa Afirka take zama ɗan siririn layi a wannan lissafi. Ayyukan da suka yi a nahiyar suna da kyau, ba shakka. Gadar Matadi a kan Kogin Kwango tun 1983 take tsaye. Akwai gadar da ta haye mashigin Suez da aka buɗe a 2001, da sabuwar gadar Jinja a kan Kogin Nilu a Uganda ta 2018, da gadar shataletalen Tema a Ghana da Shimizu da Dai Nippon suka kammala kashinta na farko a 2020, wadda 'yan uwanmu na Ashaiman, garin da ke maƙwabtaka da Tema, suka fi ni sanin amfaninta. Amma duba aljihun da kuɗin ya fito: tallafi ko rance daga gwamnatin Japan, wanda a yau hukumar JICA take kula da shi. Tsarin nan ne dai na zamanin diyya, gwamnatin gida ta tsaya a kan kuɗin, kamfanin gida ya yi gini. Inda babu wannan inuwa, da wuya ka gan su.

Kamfanonin Sin, waɗanda suke riƙe da fiye da rabin kasuwar manyan 'yan kwangilar waje a Afirka, da tasu inuwar suke zuwa, kuma ta fi faɗi. Layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, CCECC ne ya gina, bankin Exim na Sin ya ba da rancen kaso mafi girma. Kamfanonin gwamnati ne, suna iya jure jinkirin biya da ɗan kasuwar da masu hannun jari suke sa wa ido a Tokyo ba zai jure ba. Don haka idan na ji ana ta maimaita zancen ayyuka masu inganci a tarukan TICAD na Japan da ƙasashen Afirka, waɗanda ake yi tun 1993, nakan yarda da maganar, amma nakan so a ce 'yan kwangilar da kansu ne suke faɗa, ba jami'an gwamnati ba. Shinzo Abe, firaministan Japan na lokacin, ya ƙaddamar da wannan kira a 2015, a shekarar nan kuma Indunusiya ta ba Sin aikin jirgin ƙasa mai gudun tsiya na Jakarta zuwa Bandung, bayan Japan ta daɗe tana nazarin aikin, domin Sin ba ta nemi gwamnati ta tsaya wa bashin ba.

Ni da za a tambaye ni, da Indiya zan ce a kalla. A layin dogon Mumbai zuwa Ahmedabad ta karɓi rancen Japan a kan kuɗin ruwa kashi 0.1 cikin 100, za a biya cikin shekara 50, ta karɓi fasahar Shinkansen, jirgin ƙasan Japan mai gudun tsiya, ta tura injiniyoyinta su koyo. Aikin ya yi jinkiri sosai saboda rigimar filaye, wannan gaskiya ne. Amma yawancin ginshiƙai da gadojin da jirgin zai hau, kamfanonin Indiya ne suke zuba kankarensu, kamfanin Larsen & Toubro a kan gaba.