Teku a Falon Inna

Kowa ya san yadda ruwa yake wuya a Damagaram, amma ni teku na ga damar kafawa a falo. Akwatin gilashi mai lita 200, gishirin teku giram 35 a kowace lita, murjani mai rai da 'yan kifayen ado. Tekun gaske tana kusan kilomita 1,000 daga ƙofar gidanmu, shi ya sa maƙwabta a Birni suke gaishe ni da "Allah ya sawwaƙe".

Murjani da kalsiyom yake gina ƙashinsa, yana son wajen 420 ppm a ruwa, wato miligiram 420 a kowace lita. Sai na haɗa masa na'ura: tulu cike da ɓarɓashin mataccen murjani, ana hura masa iskar CO2 har pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya sauka zuwa 6.5, ruwan ya yi tsami ya narkar da ɓarɓashin, ya riƙa ɗiga cikin akwatin. Ranar da na shigo da tukunyar gas ɗin, Inna har guɗa ta yi, a zatonta ta rabu da itace.

Masifar daga fosfet ta ɓullo, wani sinadari da ke taruwa a ruwa daga abinci da kashin kifi. Ƙasa da 0.1 ppm ake so, nawa ya haura 1. Gansakuka ta rufe gilashi, murjani ya daina girma, domin fosfet in ya yi yawa hana shi ɗora ƙashi yake yi. Na bar ruwan ɗan garuwa na koma tacacce. Na zuba garin tsatsar ƙarfe mai zuƙe fosfet, jikkuna suka tafi. Na rage wa kifi abinci zuwa abin da bai kai kan ashana ba. Awo bai motsa ba, kifaye kuwa sai ƙiba suke yi kamar ragon layya.

Wata asuba na dawo daga masallaci na tarar da Inna tsaye, tana marmasa musu gumba.

"Inna! Wannan ai fosfet ne zalla!"

"Gero ne, ɗan nan. Ka ɗaure bayin Allah a kwalba, kana ba su abinci da tsinke. Ba a gidana ba."

Na zaunar da ita na yi bayani tiryan-tiryan, har na nuna mata tulun da ake tsamama ruwa a ciki. Ta leƙa, ta jinjina kai.

"Au, tsami ya yi? Ai da ka faɗa tun tuni." Ta juya ta ƙwala wa ƙanwata kira, "Ke, miƙo mini kanwa!"