Ban fito don in rame ba

Maganar da aka yaɓa mini ranar Asabar a filin Murtala na Kaduna ta tsaya mini a rai. Wata baiwar Allah da muke gaisawa ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Hajiya, wata bakwai kina zagaye filin nan, amma ban ga kin ragu ba. Ko tuwon dare ne ya gagara bari?" Madalla da wannan bincike. Ashe tun tuni akwai mai riƙe mini lissafi, ni ce ban sani ba.

To, ban fito don in rame ba. Ina fita bayan sallar Asuba ne saboda daɗin iskar wannan lokaci, da hirar da muke yi da abokan tafiyata har mu manta zagaye nawa muka yi, da barcin da nake samu yanzu wanda a da sai dare ya raba ina juyi. Benen wurin aikinmu da nake hawa ina haki kamar wadda aka koro, yanzu ina hawansa ina amsa waya. Duk wannan ba ya fitowa a sikeli, shi ya sa a wurin irin su ba a yi komai ba.

A shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako yana motsa jiki matsakaici, domin hakan yana rage haɗarin hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya, yana kuma sauƙaƙa damuwa. Da minti ta yi awon, kuma ba ta ware siriri ta ce ya koma ya kwanta ba. Mu ne muka mayar da abin horo, kamar hukuncin da ake yanke wa wanda ya ci ya ƙoshi.

Na san za a ce ai akwai waɗanda likita ya umarta su rage nauyi. Wannan tsakaninsu ne da likitansu, Allah Ya ba su lafiya, amma bai ba kowa izinin auna jikin mutane da ido ba. Abin da yake ba ni tausayi shi ne matan da suka fara fitowa tare da mu da murnarsu, bayan mako uku suka hau sikelin yaron nan da yake zama a bakin ƙofa, suka ga allura ba ta motsa ba, daga ranar ba mu sake ganinsu ba. Ɗaya ta koma shan shayin rage tumbi, ta bar tafiyar da ta fara warware mata gwiwa.

Da muna yara muna gaɗa a dandali har zufa ta jiƙa zane, maza suna langa, wa ya taɓa tambayarmu kilo nawa muka zubar? 'Yan kokawar Nijar da suke neman takobi, ƙarfi da dabara suke nuna wa duniya, kuma da jikinsu ake yi musu kirari.

Ranar Asabar mai zuwa, in Allah Ya kai mu, ina nan a filin, kuma tuwon dare yana nan. Damuwata ɗaya yanzu ita ce takalmi, domin nawa ya fara buɗe baki, kuma na gwanjon ma kuɗinsa ya fi ƙarfin mai albashi.