Adon kaka da tarkacen gida: in sai an je kanti, ba shi ba ne

Jama'a, akwai abin da ke ɗaure min kai duk shekara idan kaka ta kama, wato bidiyoyin ƙawata ɗaki da ke cika Pinterest da Instagram da TikTok. A sama za a rubuta maka cewa ado ne da kayan da kake da su a gida, ba sai ka sayi komai ba. Kana dannawa sai ka ga baiwar Allah ta zazzage jaka a kan tebur: ganyen roba ja da rawaya, kabewar soso, bindigar gam, fentin fesawa kala uku, garin ƙyalƙyali. Abu ɗaya tak ne na gida a ciki, wata tsohuwar kwalba, ita ma an lafta mata fenti har ba ka gane ta. Don Allah gidan wa ake ajiye waɗannan?

Ni ra'ayina a fili yake. Adon yanayi abu ne da ake yi da abin da yanayin ya zubar da abin da gida ya gama amfani da shi, ya yi makonninsa, lokacinsa ya wuce a kwance shi. Da zarar sayayya ta shigo, ko aka ce dole sai ya shekara goma yana sheƙi, to wani abu ne daban ake yi, a daina jingina shi da kaka.

Waɗanda suka fara abin ma haka suka ɗauke shi. Manoman Ingila na da sukan ɗebi karan alkama daga damin ƙarshe na girbi, su kitsa shi ya zama 'yar siffa, su rataye a gida har sanyi ya wuce, lokacin huɗa kuma su mayar da ita gona a binne. A Finland akwai abin da suke kira himmeli, guntayen karan hatsi ne da ake zura wa zare a rataye saman teburin cin abinci. Mutanen Poland suna da irinsa da kara da takarda mai launi. 'Yan asalin Amurka ta Arewa kuwa da ɓawon masara suke ɗaura 'yar tsana. Duk cikinsu babu wanda ya taka zuwa kanti. Girbi ya bar kara da ɓawo, dare ya yi tsawo, hannu ba shi da aikin gona, sai aka zauna aka ƙulla abu.

Himmelin nan ma kowa zai iya yi yau da daddare. Guntaye 12 masu tsawo ɗaya kake bukata. In babu kara, naɗe tsohuwar jarida a jikin tsinke, ka manne bakinta, ka zare tsinken, ka samu bututu. Zura huɗu a zare ka ɗaure su zama murabba'i, ka tayar da huɗu daga kusurwoyin su haɗu a sama, huɗun da suka rage su haɗu a ƙasa. Shi ke nan. Ba shi da nauyi, ko wucewa mutum ya yi ta ƙarƙashinsa sai ya juya.

Amma bari in tsaya a kan ganye, domin a nan ne mutane suka fi karaya su koma wa na roba. Za ka tsinto ganye mai kyau, ja jawur, ka ajiye a kan tebur, kwana biyu ka tarar ya nannaɗe ya yi launin ƙasa, kana taɓawa ya marmashe. Sai ka ce abin ba ya yiwuwa. Yana yiwuwa, sanin halin ganyen ne ya rage. Koren da ke jikin ganye sinadarin kulorofil ne. A ƙasashe masu sanyi, idan dare ya fara fin yini tsawo bayan 22 ko 23 ga Satumba a arewacin duniya, ko bayan 20 ga Maris a kudanci, bishiya takan daina sabunta koren, ta janye abin amfanin da ke cikin ganyen zuwa jikinta. Rawayan da kake gani da ma yana nan tun farko, kore ne ya rufe shi. Ja kuwa sabo ne, a lokacin ake ƙera shi daga sukarin da ya maƙale a ganyen. A lokaci guda bishiyar tana toshe gindin ganyen don ta yar da shi. Wato ganyen da ya faɗo ya riga ya rabu da ruwa, kai da bushewa kuke tsere.

Saboda haka dokar farko ita ce ka ɗauki wanda yake da sauran laushi, wanda in ka lanƙwasa ba zai karye ba, kuma ka yi aikinsa a ranar. Hanya mafi sauƙi dannewa ce. Shimfiɗa ganyen tsakanin takardun jarida, ban da takarda mai sheƙi don ba ta shan ruwa, ka ɗora manyan littattafai a kai. Bayan kwana biyu ka canza jaridar, saboda ta jiƙe, in ka bar ta funfuna za ta kama. Mako biyu zuwa uku ya bushe a miƙe da launinsa. Kada ka raina wannan dabara. Da ita wani likita ɗan Italiya, Luca Ghini, wanda ya rasu a 1556, ya koya wa ɗalibansa adana tsirrai don nazari, kuma har yau akwai ganyayen da aka danne tun ƙarni na 16 suna nan a ajiye a Turai.

In kuma so kake ganyen ya zauna da laushinsa ta yadda za a iya ɗinke shi a zare a yi rataye, sai gilisirin, wanda ake shafawa a jiki. Kashi ɗaya na gilisirin, kashi biyu na ruwa, a nutsar da ganyen, a danne da faranti don kada ya taso, a bari kwana uku zuwa biyar, a tsame a goge. Gilisirin ne ke maye gurbin ruwan da ke cikin ganyen. Sai dai in faɗi gaskiya, rawaya ya fi jure wannan wankan, ja yakan yi duhu ya karkata zuwa ruwan ƙasa. Wasu suna ganin wannan aibi ne. Ni a wurina ruwan ƙasa mai duhun nan ya fi jan roba kyau nesa ba kusa ba, don na roba duk ganye ɗari kamarsu ɗaya, har inda aka zana jijiya.

Kuma ba dole ba ne sai ganyen da ka gani a hoto. Wannan ne kuskuren da ya fi yawa. Mutum yana zaune a inda babu irin bishiyar da ke yin jan ganye, maimakon ya dubi abin da ke faɗowa a ƙofar gidansa, sai ya sayo kwaikwayon na wata ƙasa. Babu inda shekara ba ta juyawa. A wurare masu zafi bishiyoyi da yawa suna kaɗe ganye idan ruwa ya ɗauke, ciyawa ta bushe ta fitar da kai, kwanson 'ya'yan itatuwa ya tsage. Busasshen reshe guda mai kyakkyawan lanƙwasa a cikin kwalba wankakkiya, ba fenti ba komai, ya isa ya canza kusurwar ɗaki.

Mu leƙa kicin. Lemon da ya fara yaushi, yanka shi sirara, kaurin kamar rabin santimita, ka tsane ruwan da tsumma, ka jera a obin a wuta ƙasa-ƙasa, kada ta wuce digiri 100, awa biyu zuwa uku kana juyawa. In ka ƙara wuta don gaggawa gefen zai ƙone tsakiya kuma da ɗanye. Idan ya bushe ka zura a zare ka rataye a taga, hasken rana ya ratsa shi, za ka ga kowane ɓangare da layukansa. Ɓawon albasa da ake sharewa kullum, tara shi ka tafasa, ka jefa farin tsumma na auduga ko zare a ciki, zai fito ruwan zinariya mai duhu. Ruwan shayi yana mayar da farar takarda kamar tsohuwa. Jan kabeji ma abin wasa ne da yara: ruwan da aka dafa shi shuɗi-shuɗi ne, ka ɗiga lemon tsami ya koma ruwan hoda, ka zuba ruwan toka ya koma kore. Dangin sinadarin da ke sa ganye ja ne a cikinsa. Kurkum yana ba da rawaya mai ƙarfi amma rana na saurin kashe shi, don haka kada a sa abin da aka rina da shi a taga.

Gam fa? Fulawa kashi ɗaya, ruwa kashi huɗu, a dama a ɗora a wuta ana juyawa har ya yi kauri, a bari ya huce. Yana riƙe takarda da ganye a jikin kwalba ko kwali. Da fulawar nan dai ake kwaɓa ƙullun gishiri: kofi biyu na fulawa, kofi ɗaya na gishiri, ruwa kusan kofi ɗaya. A murza, a danna ganye mai manyan jijiyoyi a kai, a ɗaga, sawunsa ya fito, a huda ƙaramin rami na zare, a busar.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba duka ne zance mara kan gado ba. Za a ce Hajiya mai aikin ofis da yara uku ina ta ga lokacin danne ganye? Za a ce gam ɗin fulawa yana kiran kyankyasai da ɓeraye, kuma in ɗaki da laima yana yin funfuna. Gaskiya ne, shi ya sa ake sa shi sirara, a tabbatar ya bushe ƙamas, kuma ba a barin sa ya shekara. Za a ce mai asma ko atishawa ba ya son busasshiyar ciyawa a ɗaki. Wannan ma gaskiya ne, lafiya ta fi ado, ya tsaya a kan takarda da tsumma da kwalba. Wanda kuma ya riga ya sayi ganyen robarsa tun tuni yana fito da shi duk shekara, ni ba ni da ja da shi, ya ci gaba, zubar da shi ma ɓarna ce. Rigimata da sayen sabo ne kowace kaka, da sunan wai ana rage almubazzaranci.

Abin da ba zan sassauta a kai ba shi ne garin ƙyalƙyali da fentin fesawa. Ƙyalƙyalin nan filastik ne da aka niƙa, in ya zube ba ya kwasuwa, ana wanke hannu ya bi ruwa ya tafi. Tarayyar Turai ma ta hana sayar da irin na filastik da ake sayarwa a warwatse tun 17 ga Oktoban 2023. Ka ɗauki ganyen da zai ruɓe ya zama taki da kansa, ka fesa masa fenti ka barbaɗa masa filastik, ka mayar da shi shara da hannunka. Ina kwalliya ta biya kuɗin sabulu a nan?

Sai maganar wuta, wadda masu bidiyon ba sa son faɗa don tana ɓata hoto. Kwalba mai ganye a jiki da kyandir a ciki tana da kyau, ba musu. Amma busasshen ganye da takarda da zare duk abincin wuta ne, kuma kwalbar da ba a yi ta don zafi ba tana iya tsagewa. A sa ƙaramar fitila mai batir, hasken ɗaya ne. In ka nace sai kyandir, ganyen ya tsaya a wajen kwalba nesa da bakinta, kuma kada ka bar ɗakin yana ci. Iri da ƙananan 'ya'yan itace kuma a ɗaga su sama inda mai rarrafe ba zai kai ba. Ƙullun gishiri kamar biskit yake a ido, gishirin cikinsa kuwa yana iya illata ƙaramin yaro ko kare ko kyanwa in suka ci da yawa.

Wani abu da nake roƙon iyaye: in kun zaunar da yara aikin nan, ku cire hannunku. Na sha ganin uwa ta ce da ɗanta zo mu yi ado, ƙarshe ita ce ke yanka, ita ce ke mannawa, yaron yana riƙe da almakashi yana kallo, don kawai abin ya fito kamar na hoto. Bar shi ya manna ganyen a karkace. Yaron da ya fita ya tsinto ganye iri biyar ya lura wannan bakinsa zarto ne, wancan sumul, wannan jijiyarsa ta rabu kamar yatsu, ya ƙaru da abin da rataye mai kyau ba zai ba shi ba. Ku rataye nasa a falo inda baƙi za su gani, ba bayan ƙofa ba.

Idan yanayi ya juya kuma a kwance komai. Ganye zai fara kwasar ƙura, lemo zai yi duhu, alamar ya gama aikinsa ke nan. Zare zaren ka naɗe don gaba. Jiƙa kwalbar a ruwan ɗumi, gam ɗin fulawa zai saki da kansa, ta koma kicin. Ganye da kara da ɓawo da jarida su tafi ramin taki ko gindin shuka. Ƙullun gishiri ne kawai za a ware a sa a shara, don in ya narke a ƙasa gishirinsa yana ƙona saiwa.