Ranar Da Oga Ya Rubuta Cewa Laifinsa Ne

A ofishinmu na Helsinki, inda ake cire takalmi a bakin ƙofa, a sha kofi baƙi ƙirin ba sukari, rana kuma ta faɗi tun ƙarfe uku da 'yan mintuna a watan Disamba, muna zama duk Juma'a mu duba wani tsohon gyaran manhajar kwamfuta. Makon jiya Dirty COW aka haska mana a bango, wata kafa ta tsaro da aka taɓa ganowa a manhajar Linux.

Kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar, shi ke gadin ma'adanar kwamfuta. Wani shafin na ma'adanar karatu kawai aka yarje maka, in ka nemi yin rubutu sai ya kwafa maka naka daban. To ashe in aka matsa masa ta hanya biyu a lokaci guda, rubutun kan sauka a kan na asali, ƙaramin mai amfani ya samu ikon na'urar gaba ɗaya. Shekara da shekaru kafar tana nan, sai a Oktoban 2016 wani masanin tsaron Linux, Phil Oester, ya gano ana amfani da ita a kan sabarsa, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinsa na intanet.

Bayanin da Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya haɗa da gyaran ne ya tsaya mini a rai. Ya ce shi da kansa ya taɓa gwada toshe ta shekara 11 baya, bai yi da kyau ba, aka warware gyaran saboda ya dami injinan s390 na IBM. Mai abin kacokan, a gaban duniya! Abokan aikina ko gezau, suka ci gaba da kurɓar kofinsu.

A gida wa ya isa? Oga ya yi kuskure, yaro ya gani, sai dai ya ce “ranka ya daɗe, haka ne”, kafar ta shekara a buɗe. Na san kunya da girmama na gaba ado ne, kuma wallahi ina kewarsu a nan da ɗalibi ke kiran farfesa da sunansa gatsau. Amma kunya ba ta toshe kafa.

Sai dai su ma gaskiyar tasu ina ta tsaya? Android a kan Linux yake. An gyara sabobinsu cikin kwanaki, wayoyi masu araha irin waɗanda ke cika Farm Centre a Kano kuwa da yawansu ba su taɓa ganin gyaran ba, don kamfanonin sun sayar sun juya baya. Irin wayar nan ce a hannun Hajiyarmu, da ita nake jin muryarta duk Lahadi, kuma ta cikinta take karɓar kuɗin da nake aika mata.