Hannun mahayi ya fi bakin doki buƙatar horo

A nan Ingila akwai wata gasa, ana kiranta eventing da Turanci, da ake ɗora wa doki ɗaya da mahayi ɗaya gwaji uku. Na farko gwajin ladabi ne, a fili mai faɗin mita 20 da tsawon mita 60, inda alƙalai ke duba tafiyar doki, sassarfarsa, juyinsa da tsayuwarsa. Na biyu sukuwar daji da tsallake shingaye. Na uku tsallake sanduna a cikin fili, duk sandar da doki ya kayar a rubuta wa mai shi laifi 4. Manyan wuraren yin ta su ne Badminton, da aka fara a 1949, da Burghley, da ta biyo baya a 1961. Asalinta gwajin dawakan soja ne, shi ya sa da ta shiga wasannin Olamfik a 1912 hafsoshi kaɗai ke hawa. Mata ba su samu shiga ba sai 1964.

Ni gwaji na biyun ne ya sauya mini tunani a kan yadda muke horar da doki a gida. A babban mataki ana zura gudu na nisan sama da kilomita 6, mita 570 a kowane minti, ana tsallake gungumen itace, rami, gangara da kududdufi. Mahayi yakan zagaya hanyar da ƙafa tun kafin ranar, ya auna taku, ya san inda zai rage gudu. Shi kuwa doki bai taɓa ganin ta ba. Yana cikin gudu zai tarar da shinge a gabansa, bai san abin da ke bayansa ba, wataƙila ruwa ne, wataƙila ƙasa ta zurma. Idan ya tirje, laifi 20 ke nan. Idan mahayi ya faɗi, an fitar da su. Babu linzamin da zai tilasta wa dabba mai nauyin rabin tan ta yi tsalle cikin abin da ba ta gani. Yarda ce kawai take sa shi tashi, kuma shekaru ake yi ana gina ta. Yawancin dawakan da ke kaiwa wannan mataki sun haura shekara 10.

Wajen jarunta a kan sirdi, ban ga wanda zai nuna wa mahayanmu komai ba. Duk wanda ya ga an zo jahi a guje, an ja doki ya yi zamiya ya tsaya cak, ya san akwai zuciya, akwai zama. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: da me ake tsayar da dokin nan? Linzaminmu na ƙarfe mai zobe yana danne dasashi, yana matse haɓa. Doki na jin an ja, zafi ya sa ya ɗaga kai, ya wage baki, wani lokaci kumfar bakinsa har da jini, mu kuma mu ce ya yi kyau, ya cika ingarma. A gwajin ladabi na nan, wage baki da ɗaga kai alamu ne na cewa doki yana gudun hannun mahayi, kuma rage maki ake yi saboda su.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda suke fara horon. Da mutum ake farawa. Za ka ga malami ya tsaya a tsakiya riƙe da doguwar igiya, doki na zagaya shi, ɗalibi na kai ba ragama a hannunsa, wani sa'in ba likkafa, har sai ya iya zama ba tare da ya rataya a bakin doki ba. Sai ya iya wannan ake yarda hannunsa ya yi magana da dabba. Jamusawa ma sun tsara wa dokin matakai shida da ake bi a jere, daga daidaiton taku da sakin jiki har zuwa tattara ƙarfi a ƙafafun baya, kuma Michael Jung, wanda ya ci zinaren Olamfik a 2012 da 2016 da 2024, a wannan tsari ya tashi. Mu kuwa yaro na hawa ake miƙa masa linzami mai kaifi da ƙaimi, alhali bai gama sanin nauyin hannunsa ba.

Kada wani ya ɗauka Turawa sun tsira daga zalunci. Dab da Olamfik na 2024 aka fitar da bidiyon Charlotte Dujardin, gwanar gwajin ladabi ta Birtaniya, tana zabga wa doki bulala a ƙafafu, ta janye daga gasar, aka dakatar da ita shekara guda. Sukuwar daji kuma ta ci rayukan mahaya da dawaki, har aka ƙirƙiro shingayen da ke ɓallewa idan doki ya doke su da ƙarfi. Sai dai suna da wata ƙa'ida da nake so mu ara: kafin a fara gasa, da kuma washegarin sukuwar daji, ana jan kowane doki da hannu ya yi sassarfa a gaban alƙalai da likitan dabbobi. Mai ɗingishi ba zai ci gaba ba, ko na waye.

Wannan ba ya buƙatar filin Badminton. Masu barga da masu wasan folo a Kaduna da Kano da Katsina suna da dawaki, suna da yara masu sha'awa, akwai likitocin dabbobi a kusa da su. A buɗe bakin doki a duba bayan kowane hawa. A fara ɗan doki da linzami mai sauƙi, a ba shi lokaci. Yaron da zai hau kuma a sa masa hular kwano, a riƙe masa igiya yana zagayawa har sai malaminsa ya gamsu da zamansa, sannan a ba shi ragama.