A-kori-kurar Amurka: gwamnati ce ta kiwata ta

Idan ɗan siyasar Amurka yana so a ce shi na talakawa ne, a-kori-kura yake nema ya hau. A 1994 Fred Thompson, lauya kuma ɗan fim, ya yi hayar wata ja ya karaɗe jihar Tennessee da ita, ya kuma ci kujerar sanata. Scott Brown ya sake wannan dabara a Massachusetts a 2010, ita ma ta yi masa rana. Ko marigayi Sam Walton, wanda ya kafa kantunan Walmart, da duk dukiyarsa, tsohuwar Ford ƙirar 1979 yake ja, kuma har yau ana ba da labarin don nuna tawali'unsa.

Ba a banza motar ta samu wannan kwarjini ba. Da can manoma da kansu suke yanke bayan mota su kafa akwatin katako don ɗaukar hatsi da alade. Sai a 1925 kamfanin Ford ya fitar da Model T mai buɗaɗɗen baya a kan dala 281. Jerin a-kori-kurar Ford mai suna F-Series ya biyo baya a 1948, kuma sama da shekara 40 ke nan yana kan gaba a cinikin motoci a ƙasar. Ba'amurke yana kallon wannan mota a matsayin shaidar mutum mai cin guminsa, wanda ba ya jiran gwamnati ta yi masa komai.

To a nan nake da ja. Da ƙyar za a samu motar da gwamnati ta goya a baya kamar wannan.

Labarin daga kaji ya faro. A farkon shekarun 1960 ƙasashen Turai, musamman Jamus ta Yamma da Faransa, suka tsawwala haraji kan kajin Amurka masu araha. Shugaba Lyndon Johnson ya rama da harajin kashi 25 cikin ɗari kan ƙananan motocin ɗaukar kaya na waje, wanda ya fara aiki a 1964, kuma Volkswagen aka nufa. Rigimar kaji ta wuce tuntuni, amma harajin yana nan daram. Shi ya killace wa Ford da General Motors da Chrysler kasuwa, suka ci karensu babu babbaka. Hilux ɗin nan da ta cika titunan Kano da Yamai, ba za ka same ta sabuwa a wajen dillalan Amurka ba. Toyota sai da ta gina masana'anta a San Antonio ta Texas tana ƙera a-kori-kurarta Tundra a can. Abin dariya, ita kanta Ford ta yi ta shigo da motar kayanta Transit Connect daga Turkiyya da kujerun baya don a ɗauke ta motar fasinja ta kauce wa harajin, ana wuce kwastam sai a cire kujerun. A 2024 ta yarda ta biya dala miliyan 365 a kashe maganar.

Sai kuma dokar tsimin mai ta 1975, wadda ta matsa wa ƙananan motoci lamba amma ta sassauta wa motocin kaya, da hujjar cewa na masu sana'a ne. Kamfanoni suka gane inda riba take. Aka ƙara ƙofofi suka zama huɗu, aka sa kujerun fata da na'urar sanyaya ɗaki, bayan da ake zuba kaya ya yi ta gajercewa, goshin motar kuma ya yi ta tashi.

Ba na musun cewa makiyayin Montana ko magini a Texas yana buƙatar motarsa, domin ita ce jarinsa. Amma da yawa daga masu sayenta yau 'yan birni ne, ba abin da suke ɗauka sai cefane da 'yan makaranta. Su ji daɗin kuɗinsu, ba wanda ya hana. Damuwata ita ce wanda ke tafiya a ƙasa. Binciken da cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora ta fitar a 2023 ya nuna cewa motar da goshinta ya haura inci 40 ta fi mai gajeren goshi yiwuwar kashe wanda ta buge da kusan kashi 45 cikin ɗari. A 2022 masu tafiya a ƙasa fiye da 7,500 mota ta kashe a Amurka, adadin da rabon a ga irinsa tun farkon shekarun 1980.

Masu kare a-kori-kura suna cewa zaɓin jama'a ne, kasuwa ce ta yi halinta. Amma wanda ya shiga wajen dillalin Ford yau yana neman ƙaramar mota ba zai samu ba. Tun 2020 kamfanin ya daina ƙera su don kasuwar Amurka, in ban da Mustang.