Kajin Fair Oaks sun ishe ni

Wallahi kajin unguwar nan ta Fair Oaks da ke gefen Sakaramento a Kalifoniya sun ishe ni, ba su da mai su, yawo kawai suke, tun kafin asuba zakara zai kama cara a gindin taga, gari na wayewa ka tarar sun tone shukar ƙofar gida sun bar maka kashi a kan mota. Ka yi ƙorafi maƙwabta su ce ai su ke tuna musu zamanin da nan duk gonakin lemo ne. To lemon yana ina? Har biki ake shirya musu duk shekara fa, da kiɗa da rumfuna. A titi kuwa dole ka taka birki sai hajiya kaza ta gama tsallakawa, ka danna hon kowa ya harare ka.